Wanda Bai San Gawo Ba, Ina Ya San Waƙar Noma?

Ran nan muna zaune wurin wani suna, an shafa fatiha an raba goro, sai hira ta kai mu kan wani yaro ɗan unguwarmu wanda ke karatu a jami'a. Aka tambayi ubansa abin da yaron ke koyo can. Uban kuwa wani dattijo ne manomi, wanda shi kansa sai da furfura ta fito masa sa'an nan ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya ce iyakar abin da ya fahimta shi ne yaron yana bin tatsuniyoyi da waƙoƙin noma da littattafan hira, yana tsamo abin da suka faɗa game da itatuwa da namun daji da rafuka, yana kuma binciken abin da ya sami waɗannan abubuwa a yau. Kafin ya rufe baki sai wani ma'aikaci, mai babbar riga da makullin mota a hannu, ya fashe da dariya, ya ce, "Malam, an cuce ka! Ka sayar da hatsinka ka biya kuɗin makaranta, ɗanka yana can yana ƙidaya kukoki cikin tatsuniyar Gizo?" Jama'a suka taya shi dariya, dattijo ya sunkuyar da kai.

Ni ban tanka ba, don wurin suna ba wurin gardama ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma na tabbata ra'ayin kuskure ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da fayyace kalmomi biyu, don kada wani ya ce an yi masa rufa-rufa. Abin da malaman jami'a ke kira adabi shi ne dukan maganar da aka tsara da hikima, ko a baka ko a rubuce: tatsuniya, da karin magana, da kirari, da waƙa, da littafin hira, da wasan kwaikwayo. Muhalli kuwa shi ne wurin da Allah Ya ajiye mu da abin da ke cikinsa, watau ƙasa da ruwa da iska da itatuwa da dabbobi. To, nazarin adabi ta fuskar muhalli shi ne mutum ya ɗauki waƙa ko labari ya tambaye shi: me ka ce game da ƙasar da aka haife ka a kanta? Wane irin daji ka gani? Yaya mutanenka suka ɗauki ruwa da itace da dabba, kuma me wannan ɗauka tasu ta jawo?

A Amurka aka fara mai da wannan abu fanni na musamman. Wani malami, William Rueckert, shi ya raɗa masa suna a harshensu cikin shekarar 1978. A 1992 malaman da ke wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu, a 1996 kuma wata malama, Cheryll Glotfelty, tare da Harold Fromm, suka tattara maƙalu suka buga littafin da ya zama tushen koyar da shi. Daga nan ya bazu cikin jami'o'in duniya, har ya iso namu. Na faɗi wannan ne don mai babbar riga ya san na san asalin abin, tun da na tabbata maganarsa ta biyu ita ce, "Ai kwaikwayon Turawa ne." Za mu zo kan wannan.

Maganarsa ta farko ita ce labari ba ya tsare itace, waƙa ba ta kawo ruwan sama, saboda haka a bar zancen daji ga ma'aikatan gandun daji da malaman gona. To, ya saurara. A shekarar 1962 wata mata Ba'amurkiya, Rachel Carson, masaniyar halittun ruwa, ta buga littafi mai suna Silent Spring a kan ɓarnar da magungunan ƙwari ke yi wa tsuntsaye da kifaye da mutane. Masana da yawa sun san wannan ɓarna kafin ta yi magana, sun rubuta ta cikin takardun da ba mai karantawa sai su. Ita kuwa sai ta buɗe littafinta da ƙagaggen labarin wani gari inda aka wayi gari ba a jin kukan tsuntsu ko ɗaya. Wannan labari ya shiga zukatan mutane inda lissafi ya kasa shiga. Shekara goma bayan haka, a 1972, gwamnatin Amurka ta hana amfani da maganin nan DDT a gonaki. A nan ƙasarmu ma, Ken Saro-Wiwa marubuci ne, da alƙalami da baki ya sanar da duniya abin da haƙar man fetur ta yi wa gonaki da rafukan ƙasar Ogoni, har gwamnatin soja ta rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal ran 10 ga Nuwamba, 1995. In da maganar marubuci a kan ƙasa da ruwa wasan yara ce, da ba a kai ga igiya ba.

Amma ba sai mun je Amurka ko bakin teku ba. Kai mai karatu, dubi sunayen wuraren da ka sani. A Kano akwai Kurna, da Ɗorayi, da Giginyu, da Kawo. A Kaduna akwai Unguwar Rimi, ita Kaduna kanta an ce daga kadunan da ke cikin koginta ta sami sunanta. A Barno akwai Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, sunan kuka ta ci. Je ka Giginyu yau ka nemi giginyar da za ka yi azara da ita, ko ka je Ɗorayi ka ce za ka tsinci kalwar daddawa. Sunan ya zauna, mai sunan ya tafi. Tsohon littafin Tarihin Kano ya ba da labarin wani kurmi mai baƙin ruwa a Jakara, wanda mutanen farko ke girmamawa, kusa da shi ne kuma aka kafa Kasuwar Kurmi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Yau Jakara ita ke kwashe ƙazamin ruwan birni. Wanda bai karanta tarihin nan ba, bai kuma tambayi dalilin sunan kasuwar ba, zai rantse tun fil'azal haka wurin yake.

Wannan shi ne amfani na farko, kuma shi kaɗai ma ya isa. Kakanninmu ba su da ofishin auna ruwan sama, ba su bar mana taswirar dazuzzukansu ba. Abin da suka gani a cikin magana suka adana shi. Mun gāji karin maganar da ke cewa ungulu ba ta jewar banza, domin a dā duk inda mahauta suka yi yanka za ka ga ungulaye sun yi layi bisa katanga. Yanzu akwai yara masu shekara ashirin a manyan garuruwanmu da ba su taɓa ganin ungulu da idonsu ba. Guba da ake sa wa mushe, da masu sayen sassan jikinta don tsibbu, sun kusa ƙarar da ita, har a 2015 masanan duniya suka sa irin ungulun nan ta kasuwa cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa. Karin maganar tana nan a bakinmu tamkar shaidar da ta rage bayan an binne mai ƙara. Haka raƙumin dawa: a dukan Afirka ta Yamma ya ƙare, sai wani garke da ya saura wajen Kure a ƙasar Nijar, wanda a 1996 bai wuce kai hamsin ba, kafin a tashi tsaye a kan tsaronsa ya sake yaɗuwa. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 cike suke da zaki da giwa da ɓauna da kura, waɗanda masu ba da labarin suka san su sanin maƙwabci. Ashe ba aikin ilmi ba ne mutum ya zauna ya gwada dajin da ke cikin waɗannan littattafai da dajin da ke bayan garinsa yau?

Har yunwa ma suna muka ba ta don kada a manta. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ake ce mata, ta 1942 kuwa 'Yar Gusau. Kowane suna yana da labari a bayansa, na inda aka je neman hatsi, da abin da aka ci da hatsi ya ƙare, da ganyen da ya ceci rai da wanda ya kashe. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 da yawansu suna nan da rai, da waƙoƙin da mata suka yi a bakin turmi a waɗannan shekaru. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye cikin shekarun fari har ya koma abin da bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta sāke, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Injiniya zai ba ka lissafin ruwan da ya ragu. Amma in kana son sanin yadda abin ya kasance ga masunci wanda ya rataye komarsa ya tafi birni dako, sai ka nemi waƙarsa da zancensa. Hukumar da ta yi shiri da lissafin injiniya kaɗai, ba ta ji ta bakin masunci ba, rabin shaida ta saurara ta yanke hukunci.

Kada a ce na zaƙe. Na yarda waƙa ba ma'auni ba ce. Mawaƙi yakan ƙara gishiri, in ya ce gwaninsa ya noma daji tun daga nan har mahudar rana ba wanda zai ɗauki igiyar awo ya bi shi. Ɗalibin da zai yi wannan aiki dole ya san inda maganar hikima ta tsaya da inda awo ya fara, ya kuma riƙa zuwa wurin malaman ƙasa da na tsirrai yana gwada abin da ya ji da abin da suka auna. Amma wannan sharaɗi ne na yin aikin da kyau, bai zama dalilin barinsa ba.

Akwai kuma amfani na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci, don kuwa a nan adabin namu ne da kansa ke gaban alƙali. Mu faɗi gaskiya: maganganunmu na gado ba kullum suke ƙaunar daji ba. Wane ne gwarzo a kirarin manoma? Wanda ya sare, ya ƙone, ya tumɓuke kututture, ya bar fili fetal. Wane ne gwarzo a kirarin maharba? Wanda ya fi kisa. Mawaƙan noma irin su Ɗan Anace sun zuga maza sun yi aikin da ya ciyar da ƙasa, Allah Ya saka musu. Amma an yi wannan zuga ne sa'ad da mutane ke kaɗan daji ke da yawa, sa'ad da in gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru a sari wata. Yanzu mutane sun yi yawa, saura ta ƙare, burtali ya shige cikin gona, amma ma'aunin jaruntaka da waƙa ta dasa a zukatanmu yana nan bai sāke ba. Har gobe in aka ce gonar wane tsaf take, ana nufin ba ko tsiron sabara a cikinta.

Ga kuma wani abin lura. A dā kusan kowace tsohuwar tsamiya ko kuka tana da labarin aljanun da ke zaune cikinta, ba mai kusantarta da gatari. Malamai suka yi wa'azi a kan camfi, kuma gaskiyarsu ne, ba mai neman a koma tsoron itace. Sai dai da tsoron ya fita ba a sa wani abu a gurbinsa ba, alhali kuwa addini ya kwaɗaitar da dashen itace, shari'a kuma ta san hurumi, watau filin da aka keɓe don amfanin jama'a wanda ba mai ikon cinye shi. Labarin aljani ya tafi, karatun hurumi bai zo ba, sai mai gawayi ya zo. Wa zai gano irin wannan giɓi in ba wanda ya zauna ya yi nazarin labaran da kansu ba, ya ga aikin da suke yi a ɓoye? Wannan ba ya cikin littafin ma'aikacin gandun daji.

To, yanzu ga maganar kwaikwayon Turawa. A nan zan juya in fuskanci mutanen jami'a, don mai babbar riga yana da 'yar gaskiya a hannunsa ko da yake bai san inda take ba. Na ga rubuce-rubucen ɗalibai a kan wannan fanni inda aka cika shafi ashirin da sunayen malaman Amurka da Ingila da ra'ayin kowannensu, sa'an nan a ƙarshe aka kawo waƙar noma guda aka yayyafa mata waɗannan ra'ayoyi kamar yaji a kan tsire. Na taɓa tambayar wani mai irin wannan rubutu, wanda ya ambaci gawo sau da yawa cikin aikinsa, ko wane lokaci gawo ke zubar da ganye. Ya ce da rani mana, kamar sauran itatuwa. Subhanallahi! Duk yaron da ya taɓa kiwon awaki ya san gawo saɓanin sauran itatuwa yake: da damina yake tsayawa tsirara, da rani ya yi ganye shar. Saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa da ya zuba taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ba ciyawa, geron da ke ƙarƙashinsa kuma ya fi na fili kyau. In mawaƙi ya kamanta wani mutum da gawo, duk wannan yana cikin abin da yake nufi. Wanda bai san haka ba, kalmomin waƙar ya karanta, waƙar kanta ta wuce shi.

Abin kunya ne a ce wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya bi ƙauyukanmu yana tambayar sunayen tsirrai har ya buga littafinsu da Hausa a 1916, Bargery kuma ya cika ƙamusunsa na 1934 da sunayen ciyayi da kifaye da irin ƙasa, sa'an nan jikokin waɗanda suka ba su amsa su sami digiri a kan adabi da muhalli ba su iya rarrabe marke da ƙirya ba. Turawan da suka ƙago fannin nan daga dazuzzukansu da kogunansu suka faro, abin da marubutansu suka gani da ido shi suka bi. Wanda ya ɗauko sunayensu ya bar wannan ɗabi'a tasu, ɓawon ya ɗauko. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Saboda haka ga abin da nake nema ga sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu, daga Zariya da Kano da Sakkwato har Yamai. Kada a karɓi aikin ɗalibi a wannan fanni sai ya yi damina guda a ƙauyen da waƙar ta fito. Kowane itace da ciyawa da tsuntsu da ya ambata, ya nuna ya gan shi, ko kuwa ya kawo bayanin shekarar da aka daina ganinsa da bakin waɗanda suka sani. In ya karanta Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933, ya tambayi kansa dalilin da ya sa abin da jarumin ya sha wuya a kansa ruwa ne. In ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya lura da yadda hamada ke cin ayari, ya je kuma arewacin Yobe ya ga inda rairayi ke cin gonaki. A haɗa shi da ɗalibin aikin gona su yi tafiyar tare, kowa ya rage wa ɗan'uwansa jahilci.

In kuwa ana shakkar ko sāke magana yana iya sāke ƙasa, a dubi Maraɗi. Can ma a dā manomin kirki shi ne mai share gona tas. Daga wajen 1983, wani ma'aikacin aikin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura kututturan da ake sarewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu tana nan da rai. Aka fara barin tsiro biyu ko uku a kan kowane kututture ana yi musu aski suna girma. Da fari dariya aka yi wa masu yin haka, ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona. Da amfanin ya bayyana sai abin ya sami suna, sassaben zamani, wanda ake yi wa dariya ya koma abin koyi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba a kawo wani sabon iri daga waje ba. Gatarin nan ne dai, da hannun nan, abin da ake yabo ne ya sāke. To, yabo da zambo kuwa sana'ar wa ce, in ba ta mawaƙa da marubuta ba?

Saura ku, 'yan'uwana da kuka koyi karatu da girma. Kada dariyar mai babbar riga ta sa ku raina abin da ke cikin kanku. Littattafan da ɗaliban nan ke bukata ba su cikin ɗakin karatu na jami'a, suna wurinku da wurin tsofaffinku, kuma kowace shekara ana kai wasu makabarta. Tun da Allah Ya ba ku alƙalami, ku sayi littafin rubutu guda. Ku rubuta sunayen itatuwan da ke gonar mahaifinku sa'ad da kuna yara, da waɗanda suka rage. Ku rubuta sunan kowane tafki da kududdufi na garinku, da shekarar da ya ƙafe ko aka cike shi aka yi gini. Ku sa iyayenku mata su rera muku waƙoƙin daka da na niƙa, ku rubuta su yadda suka fito, kada ku gyara. Ku sa sunan gari da shekara a kan kowane shafi.

Bayan kwana biyu da sunan nan na tafi gidan dattijon don in ba shi haƙuri a kan shirun da na yi. Na tarar da shi a zaure da ɗan nasa, wanda ya zo hutu. Yaron yana riƙe da takarda, uban yana lissafa masa ciyayin da akan yi zana da jinka da su, gamba da tofa da ƙyasuwa, yana gaya masa wadda har yanzu ake samu a bayan gari da wadda sai an sayo daga nesa. Da yaron ya rubuta wani suna ba daidai ba, sai uban ya karɓi alƙalamin ya gyara masa da hannunsa.